Wa Ya Toshe Wa Mai-Burodi Kwata?

Warin ya riga labarin isowa. Mai-Sawu yana zaune a ƙofar gida da kofin shayi a hannu lokacin da iska ta juyo daga gangare, ya ajiye kofin bai ƙara bi ta kansa ba. Kafin ya gama lalubar takalmansa, mutanen layi sun fara sauka ƙasa, kowa hanci a toshe amma ƙafa na sauri, don ba abin da ke tara jama'a kamar masifar wani.

Gidan burodi ne gini na ƙarshe a gangaren layin. Inna Mai-Burodi, wadda ta riƙe tanderun tun rasuwar mijinta, tana tsaye a bakin ƙofa, zaninta a jiƙe har gwiwa. Najasa ce ta ɓullo ta magudanar ƙasan ɗakin kwaɓi, ta malale ko'ina, buhunan fulawa sun sha sun kumbura, gwangwanayen gashi suna iyo a kai tare da abubuwan da baki ba zai faɗa ba. Ƙudaje kam sun samu ranarsu.

Duba-gari ya riga ya zo, ya ɗaure ƙyalle a hanci, ya ja jan zare a ƙofar. Ba mugun mutum ba ne, sai dai aikinsa aikinsa ne.

"Inna, in kwatar gidanki ce ta ruɓe, dole in rubuta cewa ginin bai dace da zama ba," in ji shi. "In kuwa hannun mutum ne, a nuna mini kafin ƙarshen mako, a wanke, a buɗe miki."

Kowa a wurin ya san abin da wannan rubutu zai jawo. Tun bara ake maganar jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan, ya bi ta ƙarƙashin unguwar. Jirgin yana buƙatar wata ƙatuwar rijiya ta shan iska, kuma wuri biyu masu awo suka yi wa alama: ko jerin gidajen saman layi, ko gidan burodi. Ɗaya daga ciki za a rushe. In aka ce gidan Inna bai dace da zama ba, magana ta ƙare.

Inna ta waiwayo ta ga Mai-Sawu. Da ƙuruciyarsa sawun dabbobin sata yake bi a daji, yanzu da tsufa ya zaunar da shi a gari, shi ake kira in babur ya ɓace ko an fasa shago. Aminin mijinta ne.

"Malam," ta ce, muryarta a dishe, "kwatata ba ta taɓa yi mini ko tari ba. Ka duba mini ƙasa."

"Ba sai an duba ƙasa ba," Ciyaman na ƙungiyar unguwa ya cafe, yana fifita da hula. "Direban shadda ne, mai motar kwashe masai. Ba shi ne ta kora daga ƙofar nan ba, ranar da ya faka motarsa? Kowa ya ji abin da ya faɗa."

Nan take bakuna suka ɗauka. Wannan ya ga motar, wancan ya ji ƙararta, wata ma ta rantse ta ga mutumin yana dariya. Mai-Sawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ganin mutanen layin nan sun yarda da juna da sauri haka ba, ko a kan lokacin kwashe shara.

*

Ya tarar da Direban shadda a bayan gareji yana wanke tiyo. Ƙato ne, mai murya kamar ta injinsa, kuma labari ya riga ya same shi.

"Baba, ka zo kama ni ne?"

"Na zo in ji. An ce ka yi mata alkawarin za ta gani."

"Na faɗa, ban musa ba. Ta zage ni gaban mutane, ta ce ina kore mata masu saye. In mutum bai faɗi baƙar magana ba ranar da aka ci masa fuska, yaushe zai faɗa?" Ya jefar da tiyon. "Amma ka tsaya. Ka leƙa ɗakin?"

"Na leƙa."

"Ka ga fallatsi a bango? Ka ga sawun tiyo a dokin ƙofa? In ni na juye mata tanki, har rufi sai ya samu rabonsa. Wancan daga ƙasa ya taso, a hankali, ba gaggawa. Baba, ni sana'ata ce, na san baƙon kaya na san na gida. Ba daga waje aka kawo mata ba. Kayan layinku ne, na kowa da kowa."

Maganar ta kama hankalin Mai-Sawu. Ya zagaya motar duk da haka, ya duba tayoyin, ya tuna da ƙasar ƙofar gidan burodi wadda ba taya mai faɗin wannan da ta taka ta kwanan nan.

"Kullum in wari ya tashi ni ake nunawa," in ji Direban, ya koma kan tiyonsa. "Su yi abinsu su ja ruwa su manta, ni da nake kwashe musu ni ne ƙazami."

*

Da ya koma ya gaya wa Ciyaman cewa ba Direban ba ne, mutumin ko gezau. Ya sauya waƙa a take.

"To masu jirgi ne. Ba su ne suke ta huda ƙasa da injinsu ba? Sun fasa bututu, sun yi shiru."

Masu awo sun kafa rumfa a tsallaken titi. Injiniyar da ke kula da su mace ce mai gajiyayyun idanu, takalmanta duk taɓo. Ba ta yi masa jayayya ba, ta kai shi har bakin ramukan da suka haƙa, kowanne an rufe shi da ƙarfe. Duk suna can nesa da hanyar kwata.

"Ba mu zaɓi wuri ba tukuna, Baba," ta ce. "Gaskiya hankalinmu ya fi karkata ga saman layi, don ƙasar can ta fi ƙarfi."

"Mutanen unguwa sun san haka?"

"Na faɗa musu a taro. Wani ya tambaye ni me zai sa mu sauya ra'ayi, na ce in ɗaya daga wuraren ya zama kango, ko hukuma ta hana zama a cikinsa, shi za mu ɗauka, don a rage tada mutane." Ta dubi gangaren. "Tun da na ji warin nan nake cizon yatsa a kan amsar."

Mai-Sawu yana wurin taron, amma a baya ya zauna yana gyangyaɗi. Ya tuna dai yadda ɗakin ya yi tsit bayan wannan amsa. A lokacin ya ɗauka baƙin ciki ne.

*

Babban bututun kwata yana gangarowa ta bayan gidajen layin kaf, ya wuce ta ƙarƙashin gidan burodi, ya faɗa wani rami mai murfin ƙarfe a wani lungu da ba mai bi sai karnuka. Can Mai-Sawu ya nufa da sandarsa. Bai taɓa murfin ba sai da ya tsuguna ya karanta ƙasa.

An share sawu da tsintsiya, sharar wanda bai saba shara ba. Amma sawun ƙafa kawai mai sharar ya tuna. A gefen murfin akwai zagayen gindin bokiti, ba ɗaya ba, wani kan wani, wani ya bushe har iska ta ci bakinsa, wani bai daɗe ba. Wanda ya zo nan ya sha dawowa, kuma kullum da ruwa a hannu.

Ya sa sanda ya ɗaga murfin da ƙyar, ya kau da kai yana jiran wari. Ba wari. Ramin a bushe yake ƙarau. Bakin bututun da ya kamata ya riƙa zubowa an toshe shi da bulo da siminti, don haka duk abin da layin ya zubar ya tsaya a bayan toshiyar, ya taru, ya nemi ƙofa mafi ƙasa, wato ɗakin kwaɓin Inna.

Abin da ya tsayar da shi shi ne kyan aikin. An yi shafe sumul, an gyara gefuna da cokalin gini, ba tsaga ko ta gashi. Mai mugunta da ke tsoron a gan shi zai cusa tsumma da duwatsu ne ya gudu. Wannan kuwa ya tsaya ya yi ado, sannan ya riƙa dawowa da safe yana ba simintin ruwa don kada ya tsage, yadda kowane magini yake yi wa sabon gini. Ba wanda ya sa shi, hannunsa ne kawai bai iya barin aiki da ƙishi ba.

Magina suna da yawa a gari, ko a rumfar masu jirgi akwai su. Amma a layin nan guda ɗaya ne, kuma ɗan yayar Mai-Sawu ne, yaron da ya goya a wuya.

Yana mayar da murfin wani tunani ya faɗo masa wanda ya fi na farko ɗaci. Siminti ba ya kamawa cikin ruwa mai gudu. Kafin a yi wannan gini, sai da bututun ya wuni a bushe. Bututun da gidajen layi duka suke zuba wa ruwa.

*

Matarsa tana tsakar gida tana ninke wanki. Ya zauna a kan kujera bai cire takalmi ba.

"Uwar yara, ranar da kika hana ni wanka a banɗaki, kika ce in je gidan wanka na kasuwa, me ya sa?"

Hannunta ya tsaya a kan riga. "Ai na gaya maka. Ciyaman ya aiko a ce kada kowa ya zuba ruwa, gyara za a yi."

"Ranar da Inna ta rufe shago ta tafi duba 'yarta da ta haihu."

"Ni ban lura ba."

"Gyaran me? Wa ya ga mai gyara?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba, ko kin ƙi tambaya?"

Ta ajiye rigar. Shekara da shekaru suna tare, bai taɓa ganin ta kasa haɗa ido da shi ba sai yau.

"Gidan nan yana cikin na sama, Malam," ta ce a hankali. "A ɗakin can na haifi 'ya'yanka duka. Ni ban ɗauki bulo ba, ban kwaɓa siminti ba. Ruwa kawai aka ce kada in zuba, ban zuba ba."

"Washegari kuma kika zuba."

Ta sake ɗaukar rigar ta ci gaba da ninkewa. Shi ma washegarin ya yi wankansa, ya shiga bayi ya ja ruwa hankali kwance. Ashe da nasa a cikin abin da ya jiƙa zanin matar amininsa. Ya tashi ya fita bayan gida ya tofar da yawu, ya sake tofarwa, amma ɗacin bai bar bakinsa ba.

*

Washegari da hantsi ya tara su a ƙofar gidan burodi: Duba-gari, Injiniya, Direban shadda wanda kowa ya ja baya daga gare shi, Ciyaman, Mai Kemis na kusa da kwana, Magini da hularsa mai ƙurar siminti, da sauran 'yan layi. Warin bai ragu ba. Inna tana zaune a kan benci, hannuwanta a cinya, ba aikin yi karo na farko cikin shekaru.

"Na duba ƙasa," in ji Mai-Sawu. "Ba Direba ba ne, ba masu jirgi ba ne, kwatar Inna kuma lafiyarta ƙalau. Toshe bututu aka yi da siminti a ramin lungu."

Aka yi 'yar hayaniya ta mamaki, irin wadda aka shirya tun daga gida.

"Subhanallahi," in ji Ciyaman. "Wane mara imani ne?"

"Wani ɗan koyo ne, ko wani sakarai da ya tsinci cokali a bola," Mai-Sawu ya ce, yana kallon sandarsa. "Ban taɓa ganin aikin banza irinsa ba. Yashi ya fi siminti yawa, shafen kamar kaza ta yi tono, ko'ina tsaga. Wanda ya yi bai ma san ana ba siminti ruwa ba. Da farce na ɓantare shi."

Tarko ne ya ɗana. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ga jijiyar wuyan ɗan yayarsa ta tashi, ya ga Ciyaman yana ƙoƙarin taka masa ƙafa, amma ya makara.

"Haba Kawu, wace tsaga?" Magini ya fashe. "Kullum da safe sai na ba shi ruwa, ko guduma ba za ta..."

Ya dafe baki, amma magana ta riga ta fita. Wurin ya yi tsit, sai kukan ƙudaje.

"Na sani, ɗana," in ji Mai-Sawu, kuma bai ji daɗin nasarar ko kaɗan ba. "Aikinka ya yi kyau. Ban taɓa jin kunyar aiki mai kyau ba sai wannan."

Magini ya dubi mutane yana neman wanda zai tsaya masa, ya ga kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Nan zuciya ta ɗebe shi.

"A'a, wallahi ba ni kaɗai za a bari da wari ba! Ciyaman ne ya kawo shawara. Kai Mai Kemis, ba a shagonka aka ajiye buhun siminti ba? Ke da kike rufe fuska, ba tsintsiyarki aka share sawu da ita ba? Wane gida ne ya zuba ko kofin ruwa ranar? A nuna mini gida ɗaya!"

Ba wanda ya nuna. Ciyaman ya gyara murya, ya sauko da ita ƙasa-ƙasa, muryar dattijo mai sasanci.

"Malam, a yi wa abin kallon hankali. Gidaje nawa ne a sama, da yara da tsofaffi? Nan kuwa mutum ɗaya ce, 'yarta ma tana da ɗaki. Ba ƙinta muke yi ba. Inna tamu ce. Kuma kada ka manta, har da rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa muka tsare."

"Da kun zo kun roƙe ta," in ji Mai-Sawu. "Baki gare ku."

"Da ta ƙi fa?"

Direban shadda ya yi wata dariya mara daɗi. "Gwano ba ya jin warin jikinsa," ya ce, ya juya ya tafi. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Duba-gari ya cire ƙyallen hancinsa, ya nufi jan zaren. "Inna, magana ta fito. Hannun mutum ne. Zan kai rahoto, a fasa toshiyar yau, a wanke miki da magani, ki ci gaba da aikinki."

Fuskokin 'yan saman layi suka faɗi gaba ɗaya. Mai-Sawu ya ji nasa gaban ma ya faɗi, don ya san inda rijiyar za ta koma, amma ya tsaya a kan ƙafafunsa.

"Bar zaren, ɗana," in ji Inna.

Ta miƙe a hankali, ta dafa bango. Ta dubi Magini, wanda tun yana rarrafe take gutsura masa ɓawon burodi mai zafi. Ta dubi Mai Kemis, da matan da ke bayansa, har matar Mai-Sawu da ke can ƙarshe.

"Tun ina da ƙarfina nake tashi kafin kowa in kwaɓa abin da za ku sa a baki," ta ce. "Da hannun nan. Ban taɓa barin ko gashi ya faɗa muku a ciki ba. Ku ma kun aiko mini da naku, na gani." Ta juya wurin Injiniya. "'Yata, ku haƙa rijiyarku a nan. Ko an wanke ɗakin da turare, ba zan iya sake kwaɓa wa mutanen nan ba."

"Inna, kada ki bar musu," Mai-Sawu ya ce. "Gaskiya ta fito. Gidanki ne."

"Ka yi naka, Malam, Allah ya saka. Cewa na yi ka duba mini ƙasa, ka kuwa duba. Da ma ban sa ka ba."

Ta kwance zanen aikin da ke ƙugunta, ta ninke shi, ta ajiye a kan bencin. Ko cikin gidan ba ta leƙa ba. Ta bi ta tsakiyarsu, suka dare mata hanya, ta hau titi ta nufi tashar mota da takalmanta masu danshi.

Tana shan kwana Mai-Sawu ya ji numfashin da layin ya sauke. Wani ya yi hamdala a ƙasan maƙoshi. Ciyaman ya matso ya dafa masa kafaɗa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ai gidansa ma ya tsira. Mai-Sawu ya ture hannun kamar an ɗora masa mushe, ya tsaya yana kallon jan zaren, ya rasa inda zai sa kansa, don duk inda ya juya maƙwabtansa ne, kuma da su zai ƙarasa kwanansa.

Mai Kemis ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofar da aka rufe.

"To yanzu," ya ce, "gobe da safe a ina za mu sayi burodi?"

Ba da wasa ya faɗa ba. Har wasu suka fara ba shi shawara.